Turbar Tafkin Shaiɗan da darajar wurin da aka bari

Harshen Hausa bai cika yi wa yawo adalci ba. Tafiya tana da mutunci a wurinmu saboda tana da dalili: fatake sun yi ta, almajirai sun yi ta, mahajjata sun yi ta da ƙafa shekara da shekaru kafin zuwan jirgi. Amma da zarar an cire dalili aka bar ƙafa kawai, sai sunan ya koma yawo, shi kuwa yawo duk inda ya shiga cikin magana da wuya ya fito da ƙima. Akwai yawon banza, akwai yawon duniya, akwai yawon ta-zubar. Hatta wanda ya ce zai fita shan iska, gara ya dawo da wuri kafin a laƙaba masa sunan nan da ke maƙwabtaka da iskar. Zamanin mota da babur kuma ya zo ya mayar da takawa a ƙasa alamar rashi, har ta kai in aka ga mai rufin asiri yana tafe a sayyada sai a tsaya a tambaye shi ko lafiya.

Da irin wannan tarbiyya na sauka a birnin Madison na Jihar Wiskonsin a Amurka, inda na yi 'yan watanni a kan wani aikin ilimi. Madison ba baƙon suna ba ne ga manazarta Hausa, domin jami'ar garin ta daɗe tana koyar da harshen, kuma a nan ne marigayi Neil Skinner ya yi shekaru yana koyarwa bayan ya bar Arewacin Nijeriya. A can na lura da wata ɗabi'a ta mutanen garin. Ranar Asabar sai su tuƙa mota tafiyar kusan awa guda, su ajiye ta, su shiga daji da ƙafa, su zagayo su dawo daidai inda suka tashi, ba su sayo komai ba, ba su kai wa kowa ziyara ba. Wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatun ilimin duwatsu shi ne ya matsa sai na bi shi na gani da idona. Da yake akwai wasa tsakanin Kanawa da Damagarawa, sai ya haɗa gayyatar da tsiya, ya ce, "Malam, na san Bakano ba ya taka ƙasa sai in ya hango ciniki a gaba. To yau dai ka daure ka yi asara." Muka ɗauki gorar ruwa da dabino muka kama hanya, wata Asabar ta watan Oktoba, cikin sanyi irin na safiyar hunturu a gida.

A tsarin Amurka, gandayen daji da wuraren shaƙatawa hawa-hawa ne. Akwai na gwamnatin tarayya, irin su Yellowstone da aka kafa a 1872, waɗanda sunansu ya zagaye duniya. Akwai kuma na jihohi, waɗanda kowace jiha ke mallaka tana kula da su da kanta. Waɗannan na biyun ba su kai na farko suna ba, amma su ne na talaka, domin suna kusa da gida, ƙaramin ma'aikaci yana iya zuwa da iyalinsa da hantsi ya dawo kafin magariba. Wanda muka nufa yana gefen garin Barabu, kimanin kilomita 60 arewa maso yamma da Madison. An kafa shi a 1911, faɗinsa ya haura eka 9,000, kuma ya fi kowane gandu a jihar karɓar baƙi, fiye da mutum miliyan 2 a shekara. Sunansa Devil's Lake, wato Tafkin Shaiɗan.

Na san mai karatu zai ɗan ja da baya da jin wannan suna. Asalin mazauna yankin, al'ummar Ho-Chunk, ba haka suke kiran wurin ba. Sunan da suka ba shi yana nufin tafki mai tsarki, ko tafkin ruhi, kuma bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne Turawan da suka zo daga baya ne suka karkatar da fassarar, abin girmamawa ya koma abin tsoro. Masu aikin fassara a cikinmu suna da abin lura a nan, domin kuskuren kalma ɗaya ya zauna a kan taswira fiye da shekara 100, kuma har yau shi ne a rubuce a bakin ƙofa.

Mun ajiye mota a bakin tafkin ta arewa. Abin da ya fara burge ni a wurin wani allo ne mai ɗauke da taswirar turbobin gandun, kowace da tsawonta da matsayin wahalarta: wannan mai sauƙi ce, wannan matsakaiciya, waccan mai wuya. Tun kafin ka ɗaga ƙafa an gaya maka gaskiyar abin da ke gabanka, ya rage naka ka auna gwiwarka da numfashinka. Muka zaɓi zagayen da ya haɗa turba biyu. Ta farko tana bin gaɓar tafkin ta yamma, tsawon kilomita 1.6, a kwance take babu hawa. Ta biyu tana haurawa kan dutsen da ke wannan gaɓar, ta ratsa kurmi ta dawo da mutum inda ya fara. A haɗe sun kusa kilomita 4, da hawan da ya kai mita 150. Ga matashi wannan motsa jini ne kawai. Ga wanda ya ba hamsin baya, kuma ya shafe shekaru tsakanin kujerar ofis da ta mota, jarrabawa ce daidai gwargwado, wadda ba ta kayar da mutum ba ta kuma ƙyale shi.

Turbar gaɓar 'yar siririya ce, an shimfiɗa mata kwalta, tana lanƙwasa tsakanin manya-manyan duwatsu da suka zubo daga sama suka taru a gindin tsaunin, wasu sun kai girman ɗaki. Launinsu tsakanin ja da shunayya, da dabbare-dabbaren gansakuka a jikinsu. Ta hagu ruwa ne garai-garai, kana hango tsakuwar ƙasansa a kusa da gaɓa. Faɗin tafkin kimanin eka 360 ne, zurfinsa a inda ya fi zurfi bai wuce mita 15 ba. Akwai masu kwale-kwale jefi-jefi da masu kamun kifi da ƙugiya, amma ba ka jin ƙarar inji ko ɗaya, domin doka ta hana jirgi mai injin fetur shiga ruwan. Sai da muka yi nisa na gane cewa shirun da nake ji yana da mai shi. Wasu mutane ne suka zauna suka rubuta doka, wasu kuma suke tsaye a kanta, shi ya sa ake iya jin motsin ruwa a jikin dutse da ƙarar faɗuwar ganye.

A nan ne ɗan Damagaram ya buɗe aji. Ya ce dutsen da muke takawa asalinsa rairayi ne da ya kwanta a ƙarƙashin ruwa, a lissafin masana kimanin shekara biliyan 1.6 da suka wuce. Nauyi da zafi na cikin ƙasa suka gasa shi ya zama ɗaya daga cikin duwatsu mafiya tauri, jan da ke jikinsa kuwa na sinadarin ƙarfe ne. Ya durƙusa ya nuna mini wani falalen dutse mai layi-layi a fuskarsa, ya ce, "Malam, duba nan. Ka san zanen da ruwa ke bari a kan yashi in kogi ya janye da rani? To shi ne wannan, ya daskare." Na shafa da tafin hannu, na ji tudu da kwarin igiyar ruwan da ta wuce tun kafin a yi wani mai ido da zai gan ta.

Ya ci gaba da cewa kwarin da tafkin ke ciki wani tsohon kogi ne ya yanka shi a tsakanin duwatsun. Daga baya, a zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin nahiyar, fiye da shekara 10,000 da suka wuce, sai ƙanƙarar ta gangaro ta tsaya daidai wannan yanki. Ta turo tulin ƙasa da tsakuwa ta toshe bakin kwarin ta arewa, ta kuma zagayo ta toshe shi ta kudu maso gabas. Da ta narke sai ruwa ya taru a tsakanin toshiyar biyu, tafki ya samu. Duwatsun da suka zubo kuwa aikin sanyi ne: ruwa ya shiga tsaguwar dutse ya daskare, in ya daskare sai ya kumbura, kamar yadda kwalbar ruwa ke fashewa in an manta da ita a firiza. Da haka, shekara bayan shekara, aka ɓamɓaro waɗannan ɗakuna-ɗakunan da muke ratsawa.

A ƙarshen gaɓar ta kudu sauƙi ya ƙare. Turba ta biyu ta fara da matakala ta duwatsu, an jera su ɗaya bisa ɗaya, suna miƙewa sama cikin itatuwa. Babu taku biyu masu tsawo ɗaya, dole ido ya riga ƙafa sauka. Ban yi nisa ba na fara jin bugun zuciyata a kunne, cinyoyina suka yi nauyi, rigar sanyin da nake godiya da ita a ƙasa ta koma kaya. Na tsaya sau uku kafin mu kai sama. A tsayuwa ta biyu wata tsohuwa mai furfura fat ta zo ta wuce mu da sandunanta biyu, tana takawa a hankali ba ta ko haki, ta yi mana murmushi ta ce saura kaɗan. Abokin tafiyata ya dube ni ya ƙunshe dariya. Na ce masa, "Kai dai yi ta kanka, yaro. Sannu ba ta hana zuwa." Ya ce, "Haka ne Malam, sai dai a daɗe ba a je ba."

Hawa irin wannan yana da wani amfani da ban taɓa samu a wani wuri ba. Yana kore surutun da ke cikin kai. A ƙasa ina tafe ina lissafin aikin da ban gama ba, da saƙonnin gida da ban amsa ba, da kuɗin makarantar yara. A kan matakalar duk suka watse, abin da ya rage shi ne dutse na gaba da numfashi na gaba. Likitoci sun daɗe suna faɗa mana cewa tafiya da ƙafa tana taimaka wa mai hawan jini da mai ciwon sukari, cututtukan da suka zama ruwan dare a biranenmu. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne hutun da take ba wa tunani, kuma mutumin wannan zamani yana bukatarsa kamar yadda yake bukatar na jiki.

Da muka kai sama sai turbar ta kwanta ta shiga kurmi. Lokacin kaka ne a can, ganyayen itatuwan da suke kira oak da maple sun rine, wasu ja kamar gauta, wasu rawaya, wasu ruwan ƙasa, suna zubowa suna rufe hanya. A tsakaninsu akwai dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, waɗanda ba sa kaɗewa ko da ƙanƙara ta sauka. Kurege yana ta kai da kawo yana ɓoye abincin hunturu. A jikin wasu itatuwa an shafa ɗan fenti rawaya, alamar cewa wannan yanki yana cikin wata doguwar turba mai tsawon kusan kilomita 1,900, wadda ke bin iyakar inda tsohuwar ƙanƙarar ta tsaya a faɗin jihar, kuma masu aikin sa-kai ne ke kula da mafi yawanta. Jefi-jefi kurmin yana buɗewa ta dama, sai ka tsinci kanka a bakin gaɓar dutse, tafkin gaba ɗaya yana shimfiɗe a ƙasanka, kwale-kwale sun koma kamar ɓawon gyaɗa. Wasu ungulaye masu jan kai suna shawagi daidai saitin idonmu ba tare da kaɗa fiffike ba. Ban taɓa ganin bayan ungulu tana cikin tashi ba sai ranar.

Daga wannan tsayi mutum zai ɗauka wurin haka yake tun fil azal, hannu bai taɓa shi ba. Amma in ka ƙura ido ga gaɓar gabas za ka hango layin dogo yana bin bakin ruwa. An shimfiɗa shi a farkon shekarun 1870, kuma shi ya riƙa kwaso masu yawon buɗe ido daga Shikago da sauran birane. A ƙarshen wancan ƙarni akwai otal-otal a bakin tafkin, da jiragen ruwa masu tururi, da gidajen hutu na masu hali. Akwai kuma kamfanonin fasa dutse da ke sa nakiya a jikin tsaunin suna kwasa, domin taurin dutsen ya sa yana da kasuwa. Da an bar ciniki ya yi halinsa, da yau rabin tsaunin ya tafi a tarago, sauran rabin kuma yana bayan katangar masu kuɗi.

Abin da ya hana haka shi ne wasu mutanen Barabu da suka tashi suka yi ta kiraye-kirayen a mayar da wurin na jama'a. Jiha ta ɗauko wani masanin tsara birane mai suna John Nolen, ya zagaya, ya miƙa rahoto a 1909 yana ba da shawarar wurare 4 da ya kamata a keɓe, har da wannan tafki. Aka ware kuɗi aka sayi filayen, gandu ya tabbata a 1911, ko da yake fasa dutsen bai tsaya ba sai bayan wasu shekaru na ja-in-ja. Sai kuma zamanin karyewar tattalin arziki na shekarun 1930, lokacin da Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa rundunar CCC a 1933 don sama wa matasa marasa aiki abin yi. Ana biyan kowanne dala 30 a wata, a aika wa iyayensa da 25 daga ciki. Kimanin matasa miliyan 3 suka ratsa wannan shiri kafin a rufe shi a 1942. Wani sansaninsu ya zauna a wannan gandu daga 1934 zuwa 1941, kuma da yawa daga turbobi da matakalai da gine-ginen dutse da ake amfani da su a yau aikin hannunsu ne. Gwamnati ta dubi zaman banzan matasa, ta dubi dajin da ke bukatar hannu, ta haɗa su wuri ɗaya. Yau kusan shekara 90 ke nan jikokinsu suna taka abin da suka jera.

Shi kansa ruwan da na yaba da tsabtarsa sai da aka yi masa jinya. Tun da ƙanƙara ta toshe kwarin gaba da baya, tafkin ba shi da mafita. Ruwan sama da na idanun ruwa suna shiga, amma ba ya fita sai ta tururi da tsotsewar ƙasa, saboda haka duk abin da aka zuba masa yana nan a ciki. Ƙazantar da ta riƙa tsiyaya daga masaukai da gidajen hutu shekaru da dama ta kwanta a ƙasansa, ta zama takin da ke ciyar da gansakuka, ruwan ya fara gurɓata bayan an daɗe da rushe otal-otal ɗin. A 2002 hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar ta shimfiɗa wani dogon bututu da ke zuƙo ruwan can ƙasa mai ɗauke da wannan taki yana fitar da shi waje, aikin da aka san tun farko zai ɗauki shekaru. Waɗanda suka yi ɓarnar sun daɗe a kabari, waɗanda ba a haifa ba a lokacin su ne suka biya kuɗin gyara.

Maganar kuɗi kuwa ba ta ƙarewa. Mai shiga da mota yana sayen takardar izini ta yini ko ta shekara, mai shiga da ƙafa ba ya biyan komai. A 2015 majalisar jihar ta janye tallafin da gandayen ke samu daga harajin jama'a don gudanar da ayyukansu, ta ce su riƙe kansu da abin da suke tarawa a ƙofa, kuma tun daga lokacin ake muhawara a kan ko hakan zai sa wurin talaka ya fi ƙarfin talaka. Ko a ƙasa mai arziki irin wannan, wurin da aka keɓe bai tsira har abada ba. Kowane zamani sai ya sake yanke shawarar zai riƙe ko zai saki.

Akwai kuma kason da ke kan mai tafiya shi kansa. A tsawon zagayen nan mun haɗu da mutane da yawa, iyalai da yara, ɗalibai, masu hawan dutse da igiya, amma ledar da na gani a yashe ba ta kai a ƙirga ba. Kowa yana mayar da shararsa cikin jaka. Mai kare yana riƙe da igiyarsa. In turba ta matse, wani yana rakuɓewa ya ba wani hanya. Wani yaro ya tsinci dutse mai kyau zai sa a aljihu, na ga uwarsa ta sunkuya ta yi masa magana a hankali, ya mayar da shi inda ya ɗauka. Babu ɗan sanda a wurin, babu mai gadi a kusa. Lissafin a bayyane yake: in mutum miliyan 2 kowa ya tafi da dutse ɗaya ya bar leda ɗaya, shekara kaɗan ta isa a rasa abin zuwa gani.

Turbar ta gangaro da mu a hankali zuwa bakin tafkin ta arewa. Kafin mu koma mota abokina ya kai ni wani fili mai ciyawa inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Sai da ya zagaya da ni na gane siffar dabba ce aka gina da ƙasa, kwance a gefenta. Mutanen da suka zauna a yankin kimanin shekara 1,000 da suka wuce ne suka gina irin waɗannan tuddai, wasu a siffar tsuntsu, wasu a siffar namun daji, kuma Ho-Chunk suna ɗaukar maginan a matsayin kakanninsu. Garma da gine-gine sun shafe da yawa daga cikinsu kafin doka ta kare sauran. Su kansu Ho-Chunk an tilasta musu sa hannu a yarjejeniyar 1837 da ta raba su da ƙasarsu ta gabashin kogin Misisipi, aka yi ta kora su daga wannan yanki zuwa wancan har Nebraska, da yawansu kuma suka yi ta dawowa da ƙafa. Har yau suna nan a Wiskonsin da gwamnatinsu ta al'umma. Duk wanda zai yabi wannan gandu, adalci ne ya tuna cewa kafin a keɓe shi domin kowa sai da aka ƙwace shi daga wasu. Wannan darasi ne ga duk hukumar da za ta shata daji: manomi da makiyayi da maharbin da suka riga dokar zuwa wurin suna da haƙƙi, kuma gandun da aka gina a kan ƙorafinsu yana tafe da bashi.

Ba da nisa da wurin ba, a bakin kogin Wiskonsin, akwai wata 'yar bukka da malamin jami'ar Madison, Aldo Leopold, ya mayar wurin hutunsa bayan ya sayi wata gajiyayyiyar gona a 1935. Shi da iyalinsa suka yi shekaru suna dasa dubban itatuwa a kan yashin da noma ya cinye. Littafinsa da ya fito a 1949, shekara guda bayan rasuwarsa, ya yi tasiri ƙwarai a tunanin masu kare muhalli, kuma jigonsa shi ne mutum ɗaya ne daga cikin mazauna ƙasa, tare da ruwa da tsiro da dabba, saboda haka akwai ladabin zama da ke kansa. Ga wanda ya tashi yana jin cewa duniya amana ce, wannan ba sabon karatu ba ne. Bambancin kawai shi ne a can na ga an mayar da karatun doka da kasafin kuɗi da matakalar dutse.

Abin da na dawo da shi daga wannan tafiya shi ne bambancin da ke tsakanin barin wuri da yasar da shi. A ido suna kama, domin duka biyun daji ne babu gini. Amma wurin da aka bari yana da iyaka da aka sani, da ma'aikaci mai albashi, da turba da ake gyarawa, da jama'a masu shiga da fita waɗanda idonsu kansa tsaro ne. Wurin da aka yasar kuwa sunansa ne kawai a takarda. Mu ma muna da gandaye, wasunsu tun zamanin Turawa. Sambisa gandun namun daji ne kafin sunansa ya zama abin firgita. Kamuku da Rugu da Falgore duk keɓaɓɓun dazuzzuka ne, kuma kowa ya san irin baƙin da suka samu mafaka a cikinsu a 'yan shekarun nan. Dalilan rashin tsaro suna da yawa, ba zan tattara su a kan abu ɗaya ba, amma dajin da mutanen kirki suka daina shiga ba ya zama babu kowa. Yankari, wanda aka keɓe a 1956 kuma ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006, shi ne mafi kusa da irin gandun jiha da nake magana a kai, kuma duk wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki ya san abin da za a yi asara in aka sake shi.

Ba sai an je daji mai nisa ba ma. A cikin Kano, kududdufan da ke shanye ruwan damina ana ta cike su ana dasa shaguna, sannan a yi mamakin ambaliya. Badalar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana zagaye da birni ana ta yankar ta fuloti-fuloti. Filayen makarantu da na unguwa, inda yaro zai yi gudu tsoho ya miƙe ƙafa, suna komawa rukunin kantuna. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai lissafin riba da ya sa aka taɓa shi, kamar yadda masu fasa dutsen Barabu suke da nasu lissafin, kuma lissafinsu ba ƙarya ba ne. Abin da ya bambanta shi ne a can an samu mutanen gari, 'yan kasuwa da malamai da 'yan jarida, da suka ce wannan wurin dai a bar shi, suka kuma bi maganar har majalisa.

Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Kusan kowane gari a ƙasar Hausa yana da dutsensa ko tafkinsa ko kurminsa: Dala da Gwauron Dutse a Kano, Kufena a Zariya, Kwatarkwashi a Zamfara, bakin madatsun ruwa irin su Tiga. Turba mai kilomita 4 ba ta bukatar biliyoyin naira. Tana bukatar a shata iyaka a kuma tsaya a kanta, a ɗauki matasan unguwa su jera dutse a biya su haƙƙinsu, a kafa allo da zai gaya wa mai zuwa gaskiyar hawan da ke gabansa, a zauna da masu gona da masu kiwo na kewaye tun kafin a buga turke. Sauran aikin namu ne mu masu ƙafa, mu riƙa zuwa da 'ya'yanmu da ɗalibanmu, domin hukuma ba ta cika sayar da wurin da ta san jama'a suna taruwa a cikinsa duk ranar hutu ba.